Tsaunuka da ramuka a ƙarƙashin teku: yaya aka yi suka samu?

Shin ƙasan teku a shimfiɗe take?

Wani ɓangare kawai. Daga gaɓa, ƙasa na gangarawa sannu a hankali, zurfin bai cika wuce mita 200 ba. Wannan har yanzu gefen nahiya ne da ruwa ya rufe. Daga nan sai gangara mai tsanani, sai filaye masu faɗi a zurfin mita 3,000 zuwa 6,000, waɗanda laka ta daɗe tana kwantawa a kansu har suka baje. Can tsakiya kuma tsaunuka ne.

Me ya kai tsaunuka tsakiyar teku?

Ɓawon duniya a tsattsage yake, manyan ɓangarori ne masu motsi. Inda biyu ke ja da baya da juna, narkakken dutse kan taso ya cike tsagar, ya huce, ya zama sabuwar ƙasa. Sabon dutse mai zafi ba shi da nauyi sosai, shi ya sa yake tsayawa a sama. Yana nisa da tsagar yana sanyi, yana ƙara nauyi, yana nutsewa. Ke nan zurfin wuri kan nuna shekarunsa, kuma a ganina wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin batun.

Wannan jerin tsaunuka ya kai kimanin kilomita 65,000, babu kamarsa a tudu. Reshensa na Tekun Atilantika na buɗewa da santimita 2 zuwa 5 a shekara. A ƙasar Aisilan ya fito fili, har masu yawon buɗe ido na tafiya da ƙafa cikin tsagar a Thingvellir.

Wa ya fara gano tsagar?

Wata Ba'amurkiya, Marie Tharp, a 1952. A lokacin ba a barin mata shiga jiragen binciken, sai dai a kawo mata alƙaluman zurfi ta zana a ofis. Tana jera su sai ta ga wani kwari ya ratsa ƙololuwar tsaunukan, a kowane layin awo yana nan. Abokin aikinta Bruce Heezen ya yi watsi da maganar da farko, daga baya ya sakko.

To, idan kullum ana samun sabuwar ƙasa, ina tsohuwar take zuwa?

Komawa ciki take yi. Inda ɓangarori biyu suka yi karo, mai nauyin kan kurɗa ƙarƙashin ɗayan, wurin ya zama dogon rami. Mafi zurfi shi ne ramin Mariyana a yammacin Tekun Fasifik, kusan mita 11,000. Da za a jefa Dutsen Everest mai mita 8,849 a ciki, da sauran ruwa kimanin kilomita 2 a kansa. Masu binciken teku biyu, Jacques Piccard da Don Walsh, sun sauka can a 1960.

A irin waɗannan wurare ne ake samun manyan girgizar ƙasa, kamar ta Sumatra a 2004 da ta Japan a 2011. Saboda wannan haɗiyar, da wuya a samu ƙasan teku da ta haura shekara miliyan 180, alhali duwatsun nahiyoyi na kai biliyoyin shekaru.

Tsibiran da ke tsaye su kaɗai fa?

Yawancinsu duwatsu ne masu aman wuta da suka taso daga ƙasa har suka leƙo. Mauna Kea na Hawai mita 4,207 ne a saman ruwa, amma daga gindinsa ya kai kimanin mita 10,000. Tsibiran Bioko da Sao Tome na gaɓar yammacin Afirka ma haka suka samu, a layi ɗaya da Dutsen Kamaru.

Akwai alamar wannan a Najeriya?

Akwai. Lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, tsagar ta yi rassa uku a wajen Mashigin Gini. Biyu suka buɗe suka zama Tekun Atilantika. Na ukun ya tsaya a hanya, yashi da laka suka cike shi, shi ne kwarin da Kogin Binuwai ke bi a yau.