Wai mene ne due diligence da masu zuba jari ke ta faɗa?

Due diligence shi ne binciken ƙwaƙwaf da mai kuɗi ke yi wa kamfani kafin ya zuba jarinsa. Kamar dai binciken da iyaye ke yi idan an zo neman auren 'yarsu, ba a tsayawa ga abin da yaron ya faɗa da bakinsa, sai an tura wani ya je unguwarsu ya tambayo.

A aikace abin ba shi da wani armashi. Za a ce kawo takardun banki, nawa ke shigowa nawa ke fita kowane wata, kuɗin da ke hannu zai kai wata nawa kafin a kasa biyan albashi, wa ke bin ku bashi, wa ya mallaki manhajar a dokance, akwai ƙara a kotu ko babu. Idan kamfanin gem ne na intanet, irin wanda dubban mutane ke shiga su buga tare, tambayoyin sun fi haka zafi, domin shi wannan gem ɗin ba a gama shi a huta, kullum sabar, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da gem ɗin, na cin kuɗi, ma'aikata na gyara, kuma ranar da mutane suka fara raguwa sauran ma watsewa suke tunda ba mai son shiga gari babu kowa.

To a nan ne kewar tsofaffin gem ke shigowa. Waɗanda suka buga EverQuest tun 1999 ko World of Warcraft da ya fito a 2004 har yau suna ba da labarin abokan da suka yi a ciki da dararen da aka raba ana yaƙi da dodo guda. Kewar gaskiya ce, kuma tana kawo kuɗi, shi ya sa Blizzard, kamfanin da ya yi World of Warcraft, ta dawo da tsohon salon gem ɗin a 2019. Amma wanda ke son abu da zuciya ba ya cika son a tambaye shi lissafi.

Curt Schilling, shahararren ɗan wasan besbol na Amurka, mayen EverQuest ne. Ya kafa kamfani a 2006 wanda aka sani da 38 Studios, lambar rigarsa ce 38 ɗin, burinsa ya gina gem da zai kara da World of Warcraft. Manyan masu zuba jari sun saurare shi sun ja baya. Sai a 2010 jihar Rhode Island ta tsaya masa kan bashin dala miliyan 75 don ya kai kamfanin Providence, babban birnin jihar, da alkawarin aikin yi ga mutum 450. A watan Mayu 2012 kamfanin ya kasa biyan albashi, aka sallami kowa da kowa, a watan Yuni kuma ya durƙushe. Babban gem ɗin da aka ci bashin dominsa, Copernicus, bai taɓa fitowa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi a labarin shi ne wanda SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka, ta fito da shi a 2016: cikin miliyan 75 ɗin, kusan 50 ne kawai zai isa hannun kamfanin, alhali kamfanin ya riga ya ce sai 75 cif za su ishe shi, kuma ba a bayyana wa masu sayen takardun bashin wannan giɓi ba. Wannan ai ba sai ka san gem ba, ragi ne na 'yan firamare.

Kuma kar a ce gwamnati ce kawai ke sakaci. Sequoia, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin zuba jari na duniya, ta taɓa wallafa labari tana yabon Sam Bankman-Fried na FTX, kamfanin cinikin kuɗin kirifto, har da cewa lokacin da yake musu bayani ta bidiyo ashe gem ɗin League of Legends yake bugawa a gefe, su kuma abin ya burge su. A Nuwamba 2022 FTX ta rushe, Sequoia ta sanar cewa jarinta na sama da dala miliyan 200 ya koma sifili, ta kuma cire labarin daga shafinta.