Gubar jini a jikin jariri: me ake nufi da furotin C, kuma me ke ceton rai?

Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jinin jariri a kwanaki 28 na farkon rayuwarsa, wato gubar jini, jinin yana iya fara daskarewa a ƙananan jijiyoyi, ƙoda da huhu su rasa isasshen jini. Wani sinadari da hanta ke yi, mai suna furotin C, yana cikin masu hana wannan daskarewa. Jarirai, musamman bakwaini, ana haifarsu da kaɗan daga cikinsa, cutar kuma tana ƙara cinye shi. Daga nan likitoci suka yi tunanin ƙara wa jariri shi.

Tunanin bai kai gaci ba. An amince da maganin Xigris, wani nau'in furotin C da aka sarrafa, a Amurka a 2001 don manya masu gubar jini mai tsanani. Gwajinsa a kan yara an dakatar da shi a 2005: bai rage mutuwa ba, kuma an ga zubar jini a ƙwaƙwalwa, musamman ga 'yan ƙasa da kwana 60. A 2011 kamfanin Eli Lilly mai yin sa ya janye shi daga kasuwa. Akwai wani nau'in, Ceprotin, wanda ake ba jariran da suka gaji ƙarancin furotin C mai tsanani, masu fitar da baƙaƙen tabo a fata. Wannan aikin ƙwararru ne, ba na kemis ba.

Abin da ke ceton jariri shi ne saurin kai shi asibiti. Mai jego, ki ɗauke shi nan take, ko tsakar dare ne, idan ya ƙi kama nono, ko yana jijjiga, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa sosai. Haka idan zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, ko ya sauka ƙasa da 35.5. Iyaye da yawa suna jiran zazzaɓi, alhali jariri mai wannan cuta sau da yawa sanyi jikinsa ke yi, ya yi laushi, ba ya motsi sai an taɓa shi. A hanya, ki manna shi a ƙirjinki fata da fata, ki ci gaba da ba shi nono.

A asibiti allurar ampicillin ko penicillin haɗe da gentamicin ake yi, gwargwadon nauyinsa, kwana 7 zuwa 10. Don Allah kada a tafi gida a rana ta uku saboda an ga sauƙi ko saboda suna ya matso. Cutar tana iya dawowa da ƙarfi.

Cibiya tana cikin manyan ƙofofin da ƙwayoyin cuta ke shiga. A yanke ta da sabuwar reza, a shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta na chlorhexidine kullum, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa. Ban da toka, man goge baki da gashin cibi. Idan faya ta fashe fiye da awa 18 kafin haihuwa, ko uwa ta yi zazzaɓi lokacin naƙuda, a faɗa wa ma'aikacin lafiya ko da jaririn yana shan nono lafiya.