Ƙauyen da ba a sayar da shinkafa: magana ga manoma kafin a buɗe rumbu

Assalamu alaikum manoma, iyayena da 'yan'uwana. Kowace shekara idan kaka ta yi, nakan tsaya a bakin kasuwar ƙauye in ga motocin 'yan sari suna lodin buhuna, farashi kuwa ya faɗi warwas saboda kowa ya kawo nasa a rana ɗaya. Idan watan Yuli ya kama, sai in ga magidancin da ya sayar da buhu goma yana tsaye gaban mai awo da leda, yana sayen tiya ɗaya a farashin da ya fi ƙarfinsa. Ganin wannan shekara da shekaru a aikina na malamin gona shi ya sa nake son in ba ku labarin wasu manoma da ke nesa da mu, waɗanda suka ɗaure wa kansu wata doka mai tsauri game da abincin da suka noma.

Mutanen Sunda ne, ƙabila ta biyu a yawa a ƙasar Indonesiya bayan Jawawa. Ƙidayar 2010 ta nuna sun haura miliyan 36, galibinsu Musulmi, kuma suna zaune ne a yammacin tsibirin Jawa. A gundumar Sukabumi, kudu da Jakarta, akwai duwatsun Halimun, sunan da a harshensu yake nufin hazo. Can sama, fiye da mita dubu daga doron teku, akwai wata al'umma da aka fi sani da Kasepuhan Ciptagelar. Shugabansu ana ce masa Abah, wato baba, kuma mai riƙe da wannan matsayi tun 2007 shi ne Abah Ugi, wanda ya gaji mahaifinsa.

Ƙasarsu ba irin tamu ba ce. Ruwan sama yana sauka wata da watanni, safiya da sanyi da hazo, gonaki kuwa an yanka su a jikin tsauni hawa-hawa kamar matakala, ruwa na gangarowa daga wannan fage zuwa na ƙasa da shi. Gidajensu na katako ne da saƙar gora, an ɗaga su daga ƙasa a kan duwatsu, jinka kuma ta ganye ce da zaren wata bishiya dangin kwakwa. A gefen gida za ka ga ayaba, rogo, barkono, da ɗan tafki na kifi. Amma abin da ya fi ɗaukar idon baƙo shi ne rumbuna. Suna jere a gefen ƙauye kamar wata unguwa ta daban, kowane magidanci da nasa, wani ma biyu ko uku. Sunan rumbu a bakinsu leuit.

Dokar ita ce: ba a sayar da shinkafa. Ko shanshera, ko sussukakkiya, ko dafaffiya, ba ta shiga ciniki. A wurinsu shinkafa rai ce, wanda ya sayar da ita kamar ya sayar da ransa ne. Ana iya bayar da ita kyauta, ana iya ba da rance, baƙo kuma idan ya sauka a babban gidan Abah za a ciyar da shi ba a karɓi ko sisi ba. A cikin al'adun da suke yi wa shinkafa akwai wasu da suka gada daga tsohon addinin kakanninsu, kuma ba waɗannan nake kira a ɗauka ba. Abin da ya shafe mu shi ne dabarar da ke ƙarƙashin dokar, domin dabara ce ta mai ido a buɗe.

Sau ɗaya suke noma shinkafa a shekara, alhali a kwarin Jawa ana yin biyu har uku. Irin gida suke shukawa, iri-iri fiye da ɗari da suka adana tun kaka da kakanni, masu dogon kara, masu ɗaukar wata biyar zuwa shida kafin su nuna. Lokacin fara aiki kuwa taurari suke dubawa, ɗaya daga cikinsu ita ce wadda suke kira Kerti, wato Kaza da 'Ya'yanta da tsofaffinmu ma suke lura da ita. Da yake kowa yana shuka lokaci ɗaya kuma ya girbe lokaci ɗaya, sai gona ta huta, ƙwarin shinkafa su rasa abin ci na tsawon watanni. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Indonesiya. A shekarun 1970 da 1980 wani ɗan ƙwaro mai tsotse ruwan karan shinkafa ya yi mummunar ɓarna a gonakin da ake nomawa babu hutu ana ta feshi, har a 1986 gwamnati ta hana amfani da magungunan ƙwari 57 a kan shinkafa, saboda an gano suna kashe gizo-gizo da sauran halittun da ke cinye ƙwaron. Daga wannan darasi ne aka fara makarantar manoma a cikin gona a 1989, irin wadda yau muke taruwa a ƙarƙashin bishiya muna yi.

Yanzu ga inda nake so ku kasa kunne sosai, wato yadda shinkafa ke tafiya daga gona zuwa rumbu. Ba da lauje suke yanka ba. Wata 'yar wuƙa ce da ake riƙewa a tafin hannu, etem, ana tsinke zangarniya ɗaya bayan ɗaya da ɗan karanta. Aiki ne mai cin lokaci, amma mai yanka yana zaɓen wadda ta nuna, kuma a nan ne ake ware mafi kyau domin iri. Sai a ɗaure su ƙananan dammuna, a rataye a kan dogayen sandunan gora da aka gicciya, sama da ƙasa, iska na ratsa su. A nan za su yi makonni har su bushe ƙayau. Ba sa taɓa ƙasa ko sau ɗaya. A ƙasar da ruwa ke iya sauka kowane yammaci, wannan shi ne bambancin abinci da ruɓaɓɓen abu.

Sai rumbun kansa. Ƙafafunsa na katako a kan dutse suke, don kada laima ta hau kuma gara ba ta samu hanya ba. Bangon saƙar gora ne mai numfashi. Samansa ya fi ƙasansa faɗi, ƙofar kuma ƙarama ce can sama kusa da jinka, sai an sa tsani. Maƙwabtansu 'yan Baduy da ke lardin Banten suna ƙara wani abu: faifan katako mai faɗi a saman kowace ƙafa, ɓera ya hau ya iske rufi a kansa, dole ya koma. A ciki ana jera dammunan da zangarniyarsu da ƙaiƙayinsu, ba a sussuke ba. Uwargida tana ɗebo abin da za a ci na 'yan kwanaki ne kawai, mata su daka a dogon turmin katako, a turara a wani kwando na gora mai kama da madambaci. Shinkafar da ke cikin rigarta haka tana shekaru a rumbu. Launinta kan sauya, ɗanɗanonta ya ragu, amma tana ciyuwa.

Duk wanda ya je makarantar allo ya san wannan shawara. A cikin Suratu Yusuf, aya ta 47, Annabi Yusuf (AS) ya ce wa mutanen Masar abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci. Kakanninmu ma haka suka yi da gero da dawa: dami ne ke shiga rumbu, ba tsaba ba. Mu ne muka koma sussuke komai a gona rana ɗaya, mu ɗura a buhun leda tun hatsi bai gama bushewa ba, mu jibge a ɗaki a kan siminti.

Bayan rumbun kowane gida, akwai na gari baki ɗaya, wanda suke kira Leuit Si Jimat. Kowane manomi yana zuba wani kaso na girbinsa a ciki. Wanda gonarsa ta ƙi, ko wani hali ya same shi, zai je ya ranci shinkafa ya mayar da shinkafa bayan girbi. Sau ɗaya a shekara suna bikin Seren Taun, inda ake sa sabuwar shinkafa a wannan rumbu a gaban jama'a. Kafin bikin kuma ana ƙidaya: mutum nawa ne a kowane gida, me aka girbe. Wannan ƙidaya ita ta fi burge ni, domin yawancinmu ba mu taɓa zama mun lissafa bakunan da ke gida da buhunan da ke ɗaki ba.

Na san abin da wani zai ce: malam, idan ban sayar da hatsi ba, da me zan biya bashin taki, kuɗin makaranta, da auren 'ya? Tambaya ce ta gaskiya. Su ma suna buƙatar kuɗi, kuma ba mutanen da suka juya wa zamani baya ba ne, suna da wutar lantarki da suke samu daga ƙananan injinan da ruwan rafi ke juyawa, har da gidan rediyo da talabijin na ƙauye. Kuɗinsu yana fitowa ne daga wani wuri. Suna tatsar ruwan wannan bishiya dangin kwakwa su dafa shi ya zama kamar mazarƙwaila su kai kasuwa, suna sayar da ayaba, kayan ƙamshi, kifi, awaki da kaji. Sun raba abin ci da abin sayarwa, kowanne da ƙofarsa. Dajin da ke saman ƙauyen ma sun kasa shi: akwai wanda ba a taɓawa sam, akwai wanda ake tsarewa saboda idanun ruwa, akwai wanda aka yarda a noma. Sun san idan dajin ya tafi, ruwan da ke shayar da fagagensu ya tafi.

Ba na cewa mu haramta wa kanmu sayar da hatsi. Ƙasarmu ba ta da ruwansu, kuma damina ɗaya gajeriya muke da ita. Amma muna da riɗi, gyaɗa, wake, waken suya, zoɓo, albasa da dabbobi, waɗanda za su iya ɗaukar nauyin kuɗi a bar gero da dawa da masara su ɗauki nauyin ciki. Abin da nake roƙo shi ne, kafin buhu ɗaya ya fita daga gida, maigida da uwargida su zauna su yi lissafi. A ƙiyasin da muke aiki da shi, mutum ɗaya yana cin kusan buhu biyu mai kilo 100 a shekara. Gida mai mutum takwas ke nan yana buƙatar wajen buhu 16, ban da iri, ban da zakka, ban da baƙo. Abin da ya haura wannan shi ne na kasuwa, kuma ko shi ba dole ne a sayar ranar da kowa ke sayarwa ba. 'Yan'uwanmu na Nijar sun daɗe da bankunan hatsi na ƙauye, da kuma tsarin da ƙungiyar manoma ke kulle amfaninta a sito ta karɓi rance a kansa, sai farashi ya tashi a buɗe. Unguwa ɗaya mai magidanta ashirin za ta iya fara nata da kwano biyar-biyar, a sa amintattu uku a kai, kowa da makullinsa.

Ajiya kuma ba ta da amfani idan abin da aka ajiye zai zama cuta. Masara da gyaɗar da aka shanya a ƙasa ko aka ɗura da danshi suna yin fumfuna, kuma wata fumfunar tana haifar da guba mai suna afalatoksin, wadda ba a ganinta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Tana lalata hanta, tana da hannu a tsumburewar yara. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya bayan sun ci gurɓatacciyar masara. Don haka a shanya a kan tabarma, tamfol ko rumfa, kamar yadda mutanen Halimun ke rataye nasu. Kafin a ɗura, a gwada: a samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsin da ɗan busasshen gishiri, a rufe a girgiza sosai, a bar shi ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. Buhu kuma a ɗora shi a kan katako, a bar tazara tsakaninsa da bango.

Magana ta ƙarshe ita ce ta magani. Na taɓa shiga wani gida na iske an sa ƙwayar nan da ake kira bom a buhunan wake, an jera su a ɗakin da yara ke kwana. Ƙwayar iskar guba take fitarwa, kuma wannan iskar tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro. Ba a sa ta a ɗakin kwana, ba a sa ta a ɗakin da ke manne da shi. Maganin feshi na ruwa kuwa ba a zuba shi a kan abinci ko kaɗan. Irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Wanda zai ajiye wake ko masara a tsaba ya nemi buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje. A tabbata hatsin ya bushe, a duba ledojin babu huji, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron da ke ciki iska za ta ƙare masa ya mutu ba tare da an sa komai ba. Buhun da aka ɗaure kada a riƙa buɗe shi ana ɗiba. A ware na cin yau da kullum daban, a bar wannan sai ranar da aka shirya amfani da shi.