Waiwaye: Yadda samarin mawaƙan Koriya ta Kudu suka mamaye duniya

Duk wanda ya kalli bikin buɗe gasar cin kofin duniya a Qatar ranar 20 ga Nuwamba 2022 ya ga wani saurayi sanye da baƙaƙen kaya yana waƙa tare da mawaƙin ƙasar, Fahad Al Kubaisi, a filin wasa na Al Bayt. Jungkook ke nan, autan BTS, ƙungiyar samarin mawaƙa ta Koriya ta Kudu. Mai yiwuwa a gidajen kallon ƙwallonmu an yi ta tambayar ko wane ne, amma masu shirya bikin sun san abin da suka saya: saurayin da miliyoyin matasa daga Jakarta zuwa Sao Paulo za su hana idonsu barci don su gan shi. Kafin a kai ga wannan daren an yi shekara 30 ana aiki, kuma aikin bai fara da kyau ba.

Koriya ta Kudu ta daɗe a hannun sojoji. Zamanin Park Chung-hee 'yan sanda kan tare samari masu dogon gashi a titi su aske su, kuma har cikin shekarun 1980 duk mawaƙin da zai fitar da faifai sai ya saka waƙa guda ta kishin ƙasa ko gyaran tarbiyya. Hukumar tace waƙoƙi ke duba baitoci tun kafin a buga. A wannan yanayin ne, cikin Afrilun 1992, wasu samari uku da ake kira Seo Taiji and Boys suka fito a wata gasar talabijin ta tashar MBC, suna gambarar zamani irin ta baƙaƙen fatar Amurka amma da harshen Koriya, suna tsalle cikin manyan riguna. Alƙalan gasar suka ba su makin da ya fi na kowa ƙanƙanta. Yaran makaranta kuwa suka ce ba su san zancen ba. Cikin 'yan makonni waƙar ta cika gari.

Seo Taiji ya yi waƙa kan azabar jarrabawa da kan yaran da ke gudu daga gida. A 1995 hukuma ta ce sai ya gyara baitocin wata waƙarsa. Shi kuma ya cire baitocin baki ɗaya ya saki kiɗan zalla. Masoyansa suka yi ca, kuma a 1996 aka soke tace waƙa kafin fitarta. A shekarar ce kuma ƙungiyar ta watse.

Abin da ya fara da bore, 'yan kasuwa suka mayar da shi masana'anta. Lee Soo-man, tsohon mawaƙin da ya yi karatu a Amurka ya ga tasirin tashar MTV da idonsa, ya kafa SM Entertainment a 1995, ya fitar da samari biyar na H.O.T. a 1996. Yang Hyun-suk, ɗaya daga cikin abokan Seo Taiji, ya kafa YG, Park Jin-young kuma ya kafa JYP. Waɗannan ukun suka riƙe harkar kusan shekara 20.

Tsarin da suka shimfiɗa shi ne ƙashin bayan komai. Ana ɗauko yaro yana ɗan shekara 13 ko 14, wani ta gwaji, wani kuwa an tsince shi ne a ƙofar makaranta saboda kyan fuska. Daga makaranta ya wuce ɗakin atisaye mai madubi bango guda, ya yi rawa har dare ya raba, ya koyi sarrafa murya, ya koyi Japananci ko Sinanci ko Turanci, har da yadda ake amsa tambayar ɗan jarida. Ƙarshen kowane wata a yi gwaji a gaban manya, wanda bai taɓuka ba a sallame shi. Ana auna nauyinsa, wasu kamfanonin na karɓe waya, soyayya kuma haramun ce. Wani ya shekara 2 a haka, wani 7, mafi yawa kuma su koma gida ba a taɓa jin sunansu ba. Ya yi kama da yaron da aka kai garejin kanikanci koyon sana'a, sai dai a nan ƙananan kamfanoni da dama na rubuta kuɗin ci da kwana da horo a matsayin bashi, sai an biya daga ribar farko kafin yaro ya ga ko sisi. Idan an haɗa ƙungiya, kowa da gurbinsa: shugaba, mai murya, gwanin rawa, mai gambara, mai kyan da za a sa gaba a hoto, da auta. Dabarar ita ce kowace yarinya ta samu nata gwanin.

Sai tattalin arziki ya karye a 1997, ƙasar ta karɓi rancen ceto na sama da dala biliyan 55 ƙarƙashin jagorancin IMF. Shugaba Kim Dae-jung, wanda ya hau mulki a 1998, ya ɗauki fim da waƙa a matsayin hajar fitarwa kamar mota da talabijin. Aka yi dokar bunƙasa masana'antun al'adu a 1999, aka zuba kuɗi a intanet mai sauri. Akan ce wai gwamnati ce ta ƙirƙiro K-pop, wato wannan waƙar zamani ta Koriya. A ganina an yi wa zancen gishiri. Gwamnati ta share hanya, daga baya kuma ta shiga hoto, amma abin da ya kori kamfanonin zuwa waje yunwa ce: kasuwar gida ƙarama ce, satar waƙa ta intanet kuma ta kashe cinikin faifai a farkon shekarun 2000.

Maƙwabta aka fara yi wa sallama. H.O.T. sun yi wasa a Beijing a Fabrairun 2000. TVXQ na kamfanin SM, da suka fito a ƙarshen 2003, sun tare a Japan suna waƙa da Japananci daga ƙananan dandali har suka cika Tokyo Dome a 2009. A wannan shekarar ce uku daga cikinsu suka maka SM a kotu kan kwantiragin shekara 13, hukumar kula da adalcin kasuwanci ta ƙasar kuma ta fitar da kwantiragin bai-ɗaya da bai wuce shekara 7 ba. Shi ya sa har yau masoya ke fargabar shekara ta bakwai ta kowace ƙungiya. Super Junior, BigBang, SHINee da EXO suka biyo baya, YouTube kuma ya rage musu wahalar roƙon gidajen rediyo. A 2011 mawaƙan SM suka cika zauren Zénith a Paris. A Disamban 2012 bidiyon Gangnam Style na Psy, wanda ba ɗan ƙungiya ba ne, ya zama na farko da aka kalla sau biliyan 1 a YouTube.

Abin mamaki, waɗanda suka ɓalle ƙofar Amurka ba daga manyan kamfanonin uku suka fito ba. BTS sun fito ranar 13 ga Yuni 2013 daga Big Hit, ƙaramin kamfanin Bang Si-hyuk da ke fama da rashin kuɗi, su bakwai suna kwana a ɗaki ɗaya. Da yake ba su da uwa a gindin murhu a gidajen talabijin, sai suka koma Twitter da YouTube suna nuna girkinsu da gajiyarsu da gardamarsu, suna kuma sa hannu a rubuta waƙoƙinsu kan matsin karatu da damuwar ƙuruciya. Masoyansu, ARMY, suka zama ma'aikatan sa-kai: su fassara kowace magana zuwa harsuna da dama cikin awoyi, su tsara yadda za a saurari waƙa don ta hau jadawali. A Mayun 2018 faifansu ya zo na ɗaya a jadawalin faifai na Amurka, Billboard 200, karon farko ga 'yan Koriya. A Satumba shugabansu RM ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2019 suka cika Wembley dare biyu, suka kuma yi wasa a filin Sarki Fahd da ke Riyadh, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce ciki da wajen Saudiyya. A Yunin 2020 suka ba gangamin kare haƙƙin baƙaƙen fata na Black Lives Matter dala miliyan 1, masoyansu suka tara irinta cikin kusan kwana guda. Cibiyar bincike ta Hyundai ta ƙiyasta a 2018 cewa suna jawo wa ƙasarsu kimanin dala biliyan 3.6 a shekara.

Tasirin ya wuce waƙa. Ajujuwan koyon harshen Koriya sun cika a jami'o'in duniya, kuma a Abuja akwai Cibiyar Al'adun Koriya tun 2010, wadda ke shirya gasar rawar K-pop. Namiji mai rinannen gashi da hoda a fuska, wanda a wurinmu zai sha kallo, ya zama mai tallar kayan Louis Vuitton da Dior. Siyasa ma ba ta ƙyale su ba. Da Seoul ta amince a girke makaman kariya na Amurka, THAAD, a 2016, China ta rufe wa mawaƙan ƙofa ba tare da sanarwa ba. Sojojin Kudu kuma sun sha juya manyan lasifika zuwa Koriya ta Arewa suna sakin waɗannan waƙoƙi a bakin iyaka.

A gida, muhawarar da ta fi zafi ita ce ta aikin soja. Dole ne kowane namiji lafiyayye ya yi kimanin wata 18. Ana ɗauke wa wanda ya ci lambar Olympics ko zinare a wasannin Asiya, kamar ɗan ƙwallo Son Heung-min a 2018, amma ban da mawaƙan zamani. Majalisa ta yi musu sassauci a 2020 na jinkirta shiga soja har su kai shekara 30, iyakar abin da ta yi ke nan. Jin na BTS ya shiga bariki a Disamban 2022, kuma zuwa Yunin 2025 duk bakwai ɗin sun sauke nauyin.

Akwai kuma abin da ƙyallin fitilu ke rufewa. Jonghyun na SHINee ya kashe kansa a Disamban 2017 yana da shekara 27, bayan fama da ciwon damuwa. Badaƙalar gidan rawa na Burning Sun a 2019 ta kai Seungri na BigBang gidan yari. Cinikin faifai ma akwai lauje cikin naɗi. Seventeen sun sayar da fiye da kwafi miliyan 6 na faifai guda a 2023, a zamanin da mutane ƙalilan ke da na'urar kunna shi. Sirrin shi ne ɗan katin hoton da ke ciki, wanda ba ka san na wa za ka samu ba, da kuma ƙuri'ar ganawa da mawaƙan, wadda yawan sayenka ke ƙara maka damar cinta. Mutum ɗaya sai ya sayi 30, ya zare katunan, sauran su tafi bola.

Yanzu kamfanonin sun fara fitar da masana'antar kanta. Wani kamfanin Koriya ne ya horar da SB19 na Philippines, waɗanda ke waƙa da harshen Tagalog. HYBE, sabon sunan Big Hit, na da ƙungiyar &TEAM a Japan, SM kuma ta haɗa samari biyar 'yan Birtaniya, dearALICE, ta wani shirin BBC a 2024, bayan sun yi kwana 100 suna karɓar horo a Seoul.