Gonarka ce, amma zinaren ba naka ba ne: abin da dokar ma'adinai ta tanada

Manomi a Anka ko Maru da ke jihar Zamfara zai iya gadon gona tun kaka da kakanni, ya noma gero da dawa a cikinta, ya ba da aronta, ya bar wa 'ya'yansa. Amma ranar da aka ga zinare a ƙarƙashinta, doka ta ce zinaren ba nasa ba ne. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa duk ma'adinan da ke ƙasar Najeriya a hannun Gwamnatin Tarayya, Dokar Ma'adinai ta 2007 kuma ta maimaita haka tun a sashenta na farko. Gwamna ba ya ba da lasisin haƙa. Sarki ma ba ya bayarwa, balle hakimi ko dagaci. Daga Abuja takardar take fitowa, ta hannun ofishin rajistar lasisi na Ma'aikatar Ma'adinai.

Wannan magana tana yi wa mutane ciwo, kuma ban ga laifinsu ba. Mutum ya shiga rami da guminsa, ya ɗauki kasadar ruftawa, sannan a ce sai ya nemi izini? Ina ruwan gwamnati?

Amsar tana cikin abin da ya faru a 2010. Farashin zinare ya tashi a duniya, sai mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka duƙufa haƙa. Dutsen da suke fasowa yana ɗauke da dalma mai yawa, ba su kuwa sani ba. Ana kawo shi gida, mata su daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi ɗakuna da rijiyoyi da kwanukan abinci. Yaro mai rarrafe yana dafa ƙasa ya kai hannu baki. Sai yara suka fara amai da jijjiga suna mutuwa a Yargalma da Dareta da Abare da sauran ƙauyuka, aka yi ta zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura, aka gwada jini. Yara kimanin 400 ne suka rasu, dubbai kuma suka kamu da gubar. Cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada.

Babu ɗaya daga cikin iyayen nan da ya yi nufin cutar da ɗansa. Dalma ba ta da wari, ba a gane ta da ido a cikin ƙura, mai haƙa ba shi da na'urar gwaji. Yaron da ya mutu kuwa bai shiga ciniki ba, bai karɓi kaso ba, ba a tambaye shi ba. A nan ne iyakar "ina ruwanka" take. Idan abin da mutum yake yi cutarsa tana tsayawa a kansa, a iya yi masa nasiha a ƙyale shi. Idan cutar tana tsallakawa zuwa ga wanda ba ya iya kare kansa, kuma mai yin abin ba shi da hanyar ganewa, dole hukuma ta shigo. Malamanmu sun daɗe suna karantar da ƙa'idar babu cuta babu cutarwa. Tsarin mulki ma ya faɗa a sashe na 14 cewa tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita wasu 'yancoci saboda lafiyar jama'a da amincinsu.

To me dokar 2007 ta tsara? Ta raba izini kashi-kashi. Akwai na bincike, wanda yake ba kamfani damar nemo inda ma'adinin yake, amma ba na kwasa ya sayar ba ne. Akwai na babbar haƙa, mai shekara 25. Akwai kuma na ƙananan masu haƙa, wanda shi ne ya shafi yawancin mutanenmu: ɗan Najeriya ko ƙungiyar gama-kai za su iya nemansa. Shi ya sa ake ta kiran masu haƙa su haɗu su yi rajistar ƙungiya, domin mutum ɗaya mai diga da shebur da wuya ya iya biyan kuɗin takardu da zirga-zirga. Haƙa ba tare da izini ba laifi ne da ke kai mutum gidan yari.

Wani ɓangaren da ba a cika faɗa wa mutanen karkara ba shi ne haƙƙinsu. Zinaren ba na mai gona ba ne, gaskiya, amma saman ƙasar yana hannunsa. Wanda yake neman lasisi a kan filin da wani yake riƙe da shi sai ya sanar da shi ya nemi yardarsa. Idan aka ɓata amfanin gona ko itatuwa ko gini, akwai diyya. Ba a haƙa a cikin gari ko kasuwa ko maƙabarta. Kuma sashe na 116 na dokar ya wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da al'ummar wurin kafin ya fara aiki, a fayyace abin da za su amfana da shi, kamar guraben aiki da makaranta da asibiti da ruwa. Duk garin da baƙi suka shigo da motocin tono, mutanensa suna da ikon cewa a nuna musu lasisi, a nuna musu wannan yarjejeniya. Idan aka ce "mun gama magana da manya", wannan ba takarda ba ce.

Sai dai ba kowane shigar gwamnati ne yake zama gyara ba. Dokar nan tana nan shekara uku kafin yaran su mutu, ba ta kai Dareta ba. Bayan an gano gubar, ba a iya fara yi wa yaro magani sai an kankare ƙasar gidansu an zuba sabuwa, in ba haka ba zai koma ya sake kwasa. Duk da haka Bagega, wani ƙauyen Anka da gubar ta shafa, ta yi ta jira har 2013 kafin gwamnatin Jonathan ta saki kuɗin aikin. A watan Afrilun 2019 gwamnatin Buhari ta haramta haƙa baki ɗaya a Zamfara saboda 'yan bindiga, a 2021 aka ƙara da hana jirage shawagi a sararin jihar. Masu lasisi suka janye, ramukan kuwa ba su rufe ba, masu ƙarfin bindiga ne suka samu sarari. Da ministan ma'adinai Dele Alake yake sanar da ɗage haramcin a Disambar 2024, shi da kansa ya yarda cewa masu haƙa ta ɓarauniyar hanya ne suka ci moriyarsa.

A ganina hani shi ne mafi sauƙin abin da hukuma za ta yi, domin sanarwa ɗaya ta isa. Aikin da ya fi wuya shi ne wanda yake tsare rai: a gwada dutse kafin a fara fasa shi, a fitar da wurin niƙa bayan gari, a riƙa niƙa da ruwa don ƙura ta kwanta, ma'aikaci ya wanke jiki ya sauya tufafi kafin ya koma gida, a hana yara zuwa wurin, a sa ido kan zaibar da ake ƙonawa wajen tace zinare domin hayaƙinta ma guba ne. Duk wannan yana buƙatar jami'in da zai taka ya je Bagega, da lasisin da talaka zai iya samu ba tare da ya sayar da shanunsa ba. Mai haƙan da yake gudun hukuma ba zai kawo ɗansa a gwada masa jini ba, ba kuma zai faɗi inda yake niƙa dutsensa ba.