Adon Keltawa: daga ina ƙullin nan mara baki ya samo asali?

Su wane ne Keltawa tukuna?

Ba ƙasa ɗaya ba ce, ba su kuma taɓa zama ƙarƙashin sarki ɗaya ba. Girkawa ne suka riƙa kiran wasu ƙabilun tsakiya da yammacin Turai da suna "Keltoi". Masu tonon tarihi sun raba zamaninsu biyu. Na farko shi ne na Hallstatt, wani garin haƙar gishiri a Ostiriya, daga wajen shekara ta 800 zuwa 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Na biyu na La Tène ne, a bakin tabkin Neuchâtel na Siwizalan, inda aka soma tsamo takubba da masu a 1857. Harsunansu suna nan da rai a Ayalan, Skotlan, Wales da yankin Brittany na Faransa.

Wane irin ado suka yi a wancan zamani?

Aikin maƙera ne galibi: zinariya, tagulla da baƙin ƙarfe. Sun ga zanen ganye da furanni a jikin kayan Girkawa da 'yan kasuwa ke kawo musu tare da giya, sai suka lanƙwasa shi, suka murɗa shi har asalinsa ya ɓace. Kana duban kuben takobi ka ga ganye, ka juya shi ka ga fuskar mutum tana kallonka.

Manya kan sa ƙawanyar zinariya a wuya. Wadda garma ta tono a Snettisham ta Ingila a 1950 ta ɗan haura kilo ɗaya, an murɗa ta ne da zaren ƙarfe 64. Garkuwar Battersea kuwa daga cikin kogin Thames aka ciro ta, kuma tagullarta ta yi sirantar da ba za ta tare sara ba. Shi ya sa masana ke ganin ta ado ce, aka jefa ta ruwa a matsayin baiko ga abin bautarsu.

To ina ƙullin da aka fi saninsu da shi?

A kayan Keltawan farko da wuya ka same shi. Abin da suka ƙware a kai shi ne layi mai murɗiya kamar bayan katantanwa. Saƙar ƙulli, wato zanen layukan da ke sarƙe da juna ba farko ba ƙarshe, ta shigo ne daga baya, wajen ƙarni na 7 miladiyya, kuma aro ce: Rumawa sun daɗe suna yin ta a daɓen gidaje, su kuma maƙeran Anglo-Saxon, mutanen Ingila na wancan zamani, suna saƙa dabbobi masu dogon jiki suna cizon juna. 'Yan zuhudun Kirista na Ayalan da arewacin Birtaniya suka haɗa waɗannan da murɗiyar kakanninsu. Rumawa sun ci Gaul, yankin Faransa ta yau, a hannun Julius Caesar, sun ci kudancin Birtaniya, amma ba su taɓa cin Ayalan ba, don haka tsohon salon bai mutu a can ba.

Bahaushe da ya ga wannan saƙa zai tuna dagi na jikin riga da soro. Kama ce kawai, kuma kama da wane ba ta wane ba ce.

Me ya sa ake yawan ambaton Littafin Kells?

Domin a cikinsa wannan salo ya kai ƙarshen gwaninta. Linjila huɗu ce da harshen Latin, an rubuta ta wajen shekara ta 800 a kan fatar maraƙi, ganye 340, kuma an ƙiyasta maruƙa kusan 185 aka feɗe. Ana kyautata zaton an fara shi a tsibirin Iona na Skotlan, inda Columba, wani ɗan zuhudu daga Ayalan, ya kafa gidan zuhudu a 563. Mahara 'yan Viking daga arewacin Turai suka yi ta afka wa tsibirin, a 806 suka kashe mutum 68, sai jama'ar suka yi ƙaura zuwa Kells a Ayalan. Wajen 1007 aka sace littafin, aka tsince shi bayan wata biyu da 'yan kwanaki an ɓalle bangonsa na zinariya. Yau yana Trinity College a Dublin.

Abin mamaki, rubutun kansa cike yake da kurakurai, har akwai shafin da aka maimaita. A ganina wannan ya nuna littafin na nunawa ne a wurin ibada, ba na karatun kullum ba. Ƙarfin masu aikin a zayyana ya tafi: shafi guda na iya ƙarewa a haruffa uku, kuma a gindinsu ga kyanwoyi da ɓeraye, ga wata dabbar ruwa riƙe da kifi.

Ya aka yi salon ya dawo bayan ɗaruruwan shekaru?

Kishin ƙasa da kasuwa. A 1850 aka tsinci wani fil ɗin maƙala mayafi na ƙarni na 8 kusa da Bettystown a Ayalan. Wani mai sayar da kayan ado a Dublin, George Waterhouse, ya raɗa masa sunan Tara, tudun sarakunan dā, alhali ba a can aka same shi ba. Ya kai shi babban baje kolin Landan na 1851, ya yi ta sayar da kwafinsa, har Sarauniya Victoria ta saya. Mutanen Ayalan, da ke ƙarƙashin mulkin Ingila a lokacin, suka rungumi adon a matsayin shaidar cewa suna da tarihi na kansu. Gicciye mai zobe ya cika maƙabartu. Daga baya Archibald Knox ya ƙera wa kantin Liberty na Landan kayan azurfa da kuza da irin wannan saƙa.

Gaskiya ne kowane ƙulli da ma'anarsa?

Masu sayar da zobba da masu zanen jiki za su ce maka wannan na soyayya ne, wancan na uwa da ɗa. Waɗanda suka yi zanen ba su bar rubutun da ya fassara ko ƙulli ɗaya ba, yawancin ma'anonin na zamanin nan ne. Hatta murɗiya uku ta kushewar Newgrange a Ayalan, da ake bugawa a riguna da sunan Keltawa, an sassaƙa ta wajen 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), fiye da shekara 2,000 kafin zamanin Hallstatt.