Rawar hannu ba takardar sallama ba ce

A zangon Kumasi, da an ga kofin shayi yana kaɗawa a hannun ma'aikaci, sai ka ji an ce shi ke nan, aiki ya ƙare, wasu ma su ce sammu ne. Wani lokaci cutar Parkinson ce: ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ke mutuwa sannu a hankali, jiki ya yi nauyi, hannu ya ɗauki rawa. Maganin levodopa ba ya warkarwa, amma yana sassauta ta har mutum ya yi shekaru yana sana'arsa.

Shi ma maigidan da ke gaggawar kora ya duba Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003. Wanda nakasa ta same shi yana bakin aiki, ba a sallamarsa muddin akwai aikin da zai iya a wurin, ko da an sauya masa wani. Sai in babu ne ake ba shi notis.

Katin inshorar lafiya na NHIS kuwa na ma'aikaci ne, ba na kamfani ba. Ko an bar aiki, ana sabunta shi, a je Asibitin Komfo Anokye a ga likitan jijiyoyi.